Kyamarar da Ta Yi wa Hannun Tsaya-Haka Kaɗan

Tsaya-Haka ake kiransa, a wurin aiki da cikin unguwa, har a gidan surukansa in ya ba da baya. Daga bakinsa sunan ya fito. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamararsa ya ji kalmar: zai ɗaga hannun hagu, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Tsaya haka!" Kuma ba mutane kaɗai yake faɗa wa ba. Direban da suka daɗe suna tafiya tare ya rantse ya taɓa jin sa yana faɗa wa jirgin ruwa, wata rana kuma wata akuya ce a kan gada ta sha umarnin.

Aikinsa bin matafiya. Kamfanin da yake yi wa aiki na yawon buɗe ido ne: a tara mutane a doguwar mota, a kai su bakin teku ko kan dutse ko wani tsohon gari, a kwana a otal, a dawo da su. Shi ke ɗaukar hotunan da ake raba wa matafiyan bayan an dawo, shi ke ɗaukar na talla, waɗanda ake mannawa a bangon ofis da kan kalanda. A ɗakin wankin hoto na kawunsa ya koyi sana'ar tun yana saurayi, cikin jar fitila da warin ruwan wanki, kuma daga can ya fito da ɗabi'ar yin magana ƙasa-ƙasa. Da baƙin gashi ya shiga kamfanin. Yanzu ko a gemunsa sai an yi bincike kafin a sami baƙi.

Mutum ne mai manyan hannuwa. Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki yana falo kusa da taga, kuma takan ce in ya riƙe kofin shayi sai a rasa inda kofin ya shiga. Tsohuwar kyamararsa ta dace da hannuwan nan. Baƙa ce, mai nauyin bulo, in ya danna sai madubin da ke cikinta ya buga ƙaras, har na ƙarshen layi ya ji an ɗauke shi. A kafaɗar dama take rataye tun kafin a haifi autarsu. Sannu a hankali kafaɗar ta sauka, ta ƙi komawa. Matar ba ta taɓa yi masa maganar ba, sai dai in za ta yanka masa riga takan rage kafaɗar dama kaɗan don wuyan ya zauna daidai.

Ciwon ya fara ne daga bayan wuya. Ya gangaro kafaɗa, ya bi hannu, ya je ya tare a ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa. Da safe sai ya tashi ya ji yatsun biyu kamar aro aka ba shi. Ya yi ta shafa man zafi yana cewa kwanciya ce, har ranar da cokali ya faɗi daga hannunsa a gaban Auta, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Washegari ta zo ta tasa shi gaba zuwa wurin likita.

Likitan bai ja magana ba. Ya ce ƙashin wuya ne ke danne jijiya, ya rubuta magani, ya ce nauyin da ake ratayawa a kafaɗar nan ya isa haka.

"Likita, nauyin nan shi ne aikin," in ji Tsaya-Haka.

"To Baba, a nemi aikin da ba shi da nauyi, ko a nemi nauyin da bai kai wannan ba."

Auta ta ɗauki rabin maganar na biyu. Bayan wani lokaci ta shigo gida da kwali, ta ajiye a kan keken ɗinkin uwarta, ta ce ya buɗe. Abin da ya fito daga ciki bai fi sabulun wanki girma ba, in an cire gilashin gaba.

"Baba, irin wannan ba ta da madubi a ciki, shi ya sa ba ta da nauyi. Ita masu tafiye-tafiye ke riƙewa yanzu."

"Ba madubi? To da me take gani?"

"Da irin abin da wayarka ke gani."

"Wayata ba ta ganin komai."

"Don ba ka goge mata ido ne," in ji matarsa daga bakin ƙofar kicin.

Ya yi wa Auta godiya sosai, ya sa mata albarka, don ya san ba ƙaramin ƙoƙari ta yi ba. Kuma gaskiya kyamarar tana da ido. Ko a falonsu mai duhu ta ɗauko zaren da ke bakin allura. Matsalar kawai ita ce ba a yi ta don hannu irin nasa ba. In ya kama ta, yatsu biyu ne ke samun wuri a gaba, na uku ya laɓe a gefe, ƙaramin kuwa yana lilo a iska ba abin da zai dafa. Babban yatsa ya rasa inda zai sauka a baya, duk inda ya sauka akwai maɓalli. Don kada ta kuɓuce sai ya riƙa matse ta da ƙarfi, matsewar kuma ta riƙa tayar masa da jijiyar da aka ce a lallaɓa.

Tafiyar farko da ya yi da ita, babban yatsan ya danna maɓallin bidiyo bai sani ba. Ya dawo da dogon fim na takalmansa suna tafiya a kan tsakuwa, ga muryarsa yana tambayar Direba inda banɗaki yake. Batirin kuma ya mutu ana tsakiyar ɗaukar hoton taro, mutane sun jera sun washe baki. A tafiya ta biyu, wajen hawa jirgin fito, ta sulluɓe daga hannunsa. Siririyar igiyar da ta zo da ita ta cece ta daga ruwa, amma ta yi lilo ta bugi ƙarfen jirgin, kusurwarta ta lotsa. Ya shafa wurin da baƙin alƙalami don kada Auta ta gani.

Da ya dawo ya tsaya gaban kabad ɗin kaya yana kallon samansa, inda aka ɗora tsohuwar kyamarar cikin jakarta.

"Maigida, kada ma ka fara," in ji matar, ƙafarta ba ta bar taka keke ba. "Auta ta ce ranar da na gan ta a kafaɗarka in kira ta, ko tana tsakiyar aiki."

"Kallo kawai nake yi."

"Na san irin kallon. Ka je wurin mai shagon nan mana, ba za a rasa abin da za a ɗaura mata ba."

Shagon yana hawa na sama a wani dogon gini da ake sayar da wayoyi da kayan lantarki, kuma na'urar hawan ginin ta daɗe da mutuwa. Ya hau matakala yana hutawa a kowace kwana. Mai Shago mace ce da ta manyanta, tabaraunta rataye da sarƙa a wuya. A hannun mahaifinta ya riƙa sayen fim a da, ita kuma Yaya take ce masa tun tana zuwa shagon da kayan makaranta.

Ta karɓi kyamarar, ta juya ta, ta ga wurin da aka shafa wa tawada, ta kalle shi ta saman tabarau.

"Yaya, wa ya yi mata kwalli?"

"Ki bar wannan. Hannuna ne ya yi mata yawa."

Ta sa ya riƙe ta yadda ya saba, ta zagaya ta duba ta baya da ta ƙasa. Sannan ta fara fito da kaya tana jerawa a kan gilashin kanta. Akwai wani babban mariƙi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin kyamara, mai ɗaukar ƙarin batir a cikinsa. Akwai ƙarami, faranti ne na ƙarfe mara nauyi da ɗan katako a gaba, wanda zai ƙara mata tsawo kaɗan don ƙaramin yatsa ya sami wurin zama. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa a ramin sama inda ake ɗora fitilar hoto, babban yatsa ya jingina da shi. Ga wani ɗan jan maɓalli kamar na riga, da ake murɗawa a kan madannin ɗauka don ya taso. Ga igiyoyi iri-iri: ta wuya, ta wuyan hannu, da mai faɗi da ake saɓawa a ƙirji. Har da wani keji na ƙarfe da ke zagaye kyamarar gaba ɗaya.

"Wannan fa?"

"Na masu bidiyo ne, su ke rataya mata fitila da makirufo. Kai ba ruwanka da shi."

"Ai ni ma na fara bidiyo," ya ce, bai yi mata bayani ba.

Ya gwada ƙaramin. Ya yi daidai, yatsan ya zauna. Amma da ya ɗaura babban, sai hankalinsa ya kwanta. Hannunsa ya cika. Nauyin ya dawo inda ya san shi. Ya ɗaga ta zuwa ido ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Wannan zan ɗauka."

"Yaya, da batir biyu a ciki ta kusa kamo tsohuwar a nauyi. Ba nauyin aka ce ka guda ba?"

"Batir ke mutu mini a gaban mutane."

"Batir a aljihu ake sa shi, ba sai an ɗora wa wuya ba. Kuma ka zo da jakar tafiyarka? In ka ɗaura wannan ba lalle ta shiga ba."

Bai zo da ita ba, kuma bai saurare ta ba. Ta naɗe masa, ta ce in bai yi ba ya dawo da shi da kwalinsa.

Bai shiga jakar ba. Haka ya yi tafiyar da kyamara a cinya kamar mai rainon jariri, in an sauka ya rataya ta a wuya. Ranar farko ya ji daɗinta ƙwarai, har yana yi wa Direba kuri cewa ya dawo da ƙarfinsa. Rana ta biyu da yamma ya kasa juya wuyansa hagu. In Direba ya yi masa magana sai ya juyo da jikinsa duka.

"Yaya Tsaya-Haka, yau kai ne ka tsaya haka," in ji Direba.

"Ka kalli hanya."

Ya sake hawa matakalar nan da kwali a hammata. Mai Shago ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai tura masa kujera ta ba shi ruwa, ta bari numfashinsa ya dawo. A wannan karon ya zo da jakar. Suka ɗaura ƙaramin mariƙin, suka gwada, ta shiga, zif ya rufe. Ta nuna masa cewa ƙofar batir tana buɗewa ba sai an kwance farantin ba, don akwai irin da sai ka nemi abin kwance ƙusa duk lokacin da batir ya mutu. Ya ɗauki majinginar babban yatsan ma, ko da yake ta toshe ramin fitila, ya ce ai da rana yake yawancin aikinsa. Jan maɓallin kyauta ta ba shi.

Ba duka suka zauna ba. Jan maɓallin ya kwance da kansa a cikin mota, ya gangara ƙarƙashin kujeru, ba a sake ganinsa ba. Majinginar yatsan ta hana shi danna bidiyo, amma bakinta ya riƙa kama masa aljihun riga har ta yaga guda biyu. Matarsa ta ɗinke ta farko, a ta biyu ta ce ya zaɓa, ko ƙarfen ko ita. Ya zauna a ƙofar gida da 'yar takardar goge ƙarfe ya dinga goga bakin har ya yi sumul. Igiyar wuyan hannu da ya saya ta yi kyau wajen ɗauka, sai dai ta ɗaure masa hannun dama, in zai taimaki wata tsohuwa ta sauko daga mota sai ya rasa yadda zai yi. Ya koma kan mai faɗin nan ta ƙirji, wadda ke ɗora nauyin a kafaɗar hagu, kyamarar ta kwanta a ƙugunsa na dama. Ita kuma gefenta ya riƙa cin wuyansa in ya yi gumi.

Nan matar ta karɓi aikin. Ta nemo ragowar wani yadi mai laushi da 'yar katifar da take sa wa kafaɗar kwat, ta sa shi ya miƙe a tsakiyar falo da kyamarar a jikinsa. Ta zagaya shi da alli a hannu, allurai a baki, tana ɗaga igiyar tana saukewa. Ya motsa zai sosa kunne.

"Tsaya haka," ta ce ta gefen baki.

Ya kalle ta, ta kalle shi, sai da ta cire alluran daga baki kafin ta yi dariyar.

Ta ɗinka wa igiyar matashi daidai inda take hawa kafaɗa, ta ƙara ɗan aljihu mai maɓalli a gaba, na batir guda. Ta rage tsawon ta yadda in ya sauke hannu, tafinsa zai faɗa kan kyamarar ba sai ya laluba ba. Duk wannan ya ci watanni, tafiya bayan tafiya, ana cire wannan ana mai da wancan. Da Auta ta zo ta ga kyamarar sai da ta riƙe baki.

"Baba, wannan ita ce wadda na kawo?"

"Ita ce. Ta yi ƙiba ne, gidan ya karɓe ta."

Ana nan sai Manaja ta kira shi ofis. Mace ce mai ƙuruciya da ta gaji kujerar daga wanda ya ɗauke shi aiki, kullum da waya biyu a gabanta, amma tana girmama shi. Ta ce kamfanin ya buɗe sabuwar hanya zuwa wani tafki a tsakiyar duwatsu, kuma suna son hoton da za a sa a babban allon talla. Akwai inda hanya ke hawa ƙololuwar tudu, in ji ta, daga nan ake fara hango tafkin, da safe hazo na kwance a kansa.

"Baba, wannan hoton nake so. Sauran duk yadda ka ga dama."

"In Allah ya yarda za ki same shi."

Matafiyan tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa ne da matansu, mutane masu son hira da yawan neman a tsaya. Ranar farko tafiya ce mai tsawo, aka yi ta yada zango. A ranar ne Tsaya-Haka ya gane cewa abin ya zauna. Hannunsa na sauka kyamarar na nan. Ya ɗaga ta, ƙaramin yatsa a kan katako, babba a jingine, ba matsi, ba laluben maɓalli. Ya ɗauki wani tsoho yana nuna wa matarsa tsohon layin dogo da sanda. Ya ɗauki mata uku suna rabon lemo a inuwar mota. Ya miƙa hannu ya sauko da wata mata da gwiwa ke damun ta, kyamarar tana kwance a ƙugunsa ba ta yi lilo ba. Da suka isa otal ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki: tun safe bai tuna da wuyansa ba.

Da sassafe suka kama hanyar tafkin. Ya zauna a kujerarsa ta gaba, bayan Direba, ya duba batir, ya goge gilashi, ya sa tafinsa a kan kyamarar. Motar ta fara hawa, injin na gurnani a hankali. Shekara da shekaru ba ya iya barci a mota, don duk ramin da taya ta faɗa sai wuyan ya amsa. A wannan safiyar ba abin da ya amsa. Ya jingina kai da gilashin taga don ya ga yadda hasken ke tasowa.

Da ya buɗe ido motar tana tsaye a gindin wasu dogayen bishiyoyi, ruwa na gabansa dab, rana ta yi sama. Ba kowa a ciki sai Direba, yana goge sitiyari da tsumma, sitiyarin da ba abin da ya same shi.

"Ina tudun?"

Direba ya ci gaba da gogewa. "Mun wuce shi, Yaya."

"Ba ku tsaya ba?"

"Mun tsaya. Kowa ya sauka."

Tsaya-Haka ya dubi gefensa. Hannunsa na nan a kan kyamarar yadda ya ajiye shi.

"Wallahi na taɓa ka," in ji Direba. "Na kira ka, na girgiza kafaɗarka, ko motsi. Zan ƙara sai matar nan mai ciwon gwiwa ta riƙe mini hannu, ta ce in ji tsoron Allah in bar bawan Allah ya huta, tun jiya yake ɗawainiya da su. Sauran suka goya mata baya. Har mayafinta ta cire ta tare maka rana a taga. Ni kuma na rasa bakin musu da iyayena."

Sai a lokacin ya ga mayafin, an maƙale shi a saman gilashin.

"Hazon yana nan?"

"Yana nan. Kamar an shimfiɗa auduga." Direba ya laluba aljihu. "Na ɗan ɗauka da waya, ko da za a buƙata."

Ya miƙo wayar. Tsaya-Haka ya riƙe ta nesa da ido ya duba. Hoton ya ɗan karkace, kuma madubin gefen mota ya leƙo a kusurwa. Amma tafkin yana nan, hazon yana nan, ga wani tsoho da matarsa sun ba da baya suna kallo, hannunta a kan kafaɗarsa.

"Ya yi kyau," ya ce, ya mayar masa. "Ka riƙa daidaita hannu dai."

Ya so su koma da safe, amma tsarin tafiyar ta wata hanya ya bi da su, kuma kafin gari ya waye ruwan sama ya sauko ya rufe duwatsun. Ya yi sauran aikinsa yadda ya kamata. Ya mayar wa matar mayafinta, ya yi mata godiya, ita kuma ta ce ai barcinsa ya ba ta tausayi, irin na mahaifinta ne in ya dawo daga aikin kwana. Bai gaya mata abin da tausayin ya ci ba.

A ofis bai yi kwana-kwana ba. Ya ce wa Manaja barci ya ɗauke shi, bai sami hoton ba. Ta ce ta sani, tun suna hanya matafiyan suka yi ta tura na Direba a tsakaninsu har ya iso gare ta. Za a gyara karkacewar, a yanke madubin motar, zai yi. Ta kife wayoyinta biyu a kan tebur, abin da bai taɓa ganin ta yi ba.

"Baba, ba faɗa zan yi ba. Hotunan da ka kawo na ranar farko sun fi duk na bana. Amma ina so in tambaye ka, tsakaninka da Allah, hanyar nan ba ta ishe ka ba?"

Ya buɗe baki zai ce kyamarar ce, sai ya tuna ba sauran abin da zai ɗora wa kyamarar. Ya kalli hannuwansa a kan gwiwa.

"Ta ishe ni, 'yata," ya ce. "Ta daɗe da isata. Ciwon ne ya hana ni ji."

Ta ce akwai wani aikin da ba su da mai yi. Otal-otal ɗin da kamfanin ke hulɗa da su a cikin gari suna buƙatar hotunan ɗakunansu, gado da banɗaki da wurin cin abinci, don masu kama ɗaki ta waya. Ba kwana a hanya, ba hawan tudu. Ya ce zai yi shawara da gida. A gida matar ta saurare shi har ya gama, ta ce shawarar me kuma, ta tashi ta zazzage jakar tafiyarsa ta kai wanki. Direba ya zo har ƙofar gida ba da haƙuri, ya ce shi bai ɗauki hoton don ya ci wa kowa abinci ba. Tsaya-Haka ya ce ya sani, ya sa aka kawo masa shayi, suka zauna suna zagin ramukan hanyar tafkin har shayin ya huce.

Aikin ɗakuna ba ya son hannu. A kan sanda mai ƙafa uku ake kafa kyamara, a daidaita ta da layin bango, a danna daga nesa don kada ta girgiza. Ya sake hawa matakalar Mai Shago ya zaɓi mara nauyi, mai naɗewa ta shiga jaka. Yakan isa otal da hantsi, a ba shi makullai, ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Ya koyi ɓoye wayar fitila a bayan gado, da karkata kujera don ɗaki ya yi kamar ya fi haka faɗi, da tsayawa inda ba zai fito a madubin banɗaki ba. Ba mai ƙifta ido, ba mai cewa a sake ɗauka don tumbinsa ya fito. Da yamma yana gida. Yatsun biyu sun fara dawowa, ko da yake ƙaramin har yanzu ba ya jin sanyin ruwa sosai.

Wata rana a wani ɗaki na hawa na sama ya kafa kyamarar ya ga hasken bai yi ba. Rana ta faɗo kai tsaye a kan farin zanen gado, ta ƙone rabin hoton. Mai gyaran ɗakin, wata dattijuwa da ke tura keken tawul, ta leƙo ta tambaya ko ya gama ta rufe.

"Da saura, Yaya. Sai ranar nan ta gota taga."

"Za ta daɗe?"

"Za ta ɗan taɓa."

Ta duba doguwar barandar da ta fito, ta duba kekenta. Sannan ta turo shi ciki, ta jingina shi bayan ƙofa inda kyamara ba ta gani. Ba wanda ya taɓa gadon a cikinsu, don ita ta ja zanen har ya miƙe, shi kuma bai ɗauka ba tukuna. Ya ba ta kujerar da ke gaban tebur, shi ya zauna a kan akwatin kayansa ya jingina da bango. Ta zare takalmanta ta ajiye a gefe, ta miƙe ƙafafu tana murza idon sawu.

"In shugabarmu ta zo, ka ce kai ka riƙe ni," ta ce.

"Ni na riƙe ki."

Suka zauna suna kallon hasken yana janyewa daga kan zanen, kaɗan-kaɗan.